Yadda Ake Shirya Zomo da Haɗa Kaya Don Gasar Baje Kolin Zomaye

Alƙalin gasar zomaye ba ya daɗewa da zomo a hannunsa. Zai ɗaga shi, ya kwantar da shi rigingine, ya ɗage leɓe ya ga haƙora, ya leƙa kunne, ya duba farata, sannan ya zaunar da shi ya shafa bayansa tun daga kafaɗa har gindin wutsiya. Cikin 'yan mintoci an gama, an miƙo na gaba. Wahalar da mai kiwo ya sha wata da watanni, a wannan ɗan taƙin za a auna ta. Kayan da za ka haɗa kuwa ba za su mai da zomo mara kyau ya zama mai kyau ba. Aikinsu shi ne su kai zomon gaban alƙali kamar yadda ya bar gida, ba fitsari a jikinsa, ba karyayyen farce, ba galabaita, su kuma dawo maka da shi bai kwaso cuta ba. Abin da bai taimaka wa wannan ba, lodi ne kawai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin yana farawa ne kamar mako shida kafin ranar.

Mataki na farko: karanta takardar gasar tun daga sama har ƙasa

Kowace gasa tana fitar da takardar bayani, kuma dokoki suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka yawancin gasanni suna bin tsarin ARBA, ƙungiyar masu kiwon zomaye ta ƙasar, wadda aka kafa a 1910, mai littafin ƙa'idojin siffar kowane jinsi da ake sabuntawa duk shekara biyar. A Birtaniya ƙungiyar masu kiwon zomaye mai suna BRC ce ke riƙe da ragama tun 1934. Kafin ka ɗauki ko tsinke, nemi amsar abubuwa huɗu a takardar.

Shin sai an yi rajista tun da wuri, ko ana karɓa a ranar? Idan da wuri ne, rubuta ranar rufewa a inda idonka zai riƙa gani. Shin masu gasar za su ba da keji, ko zomo zai wuni a kejin da ka kawo shi? Wannan tambayar ita ce ke sauya rabin kayan da za ka ɗauka. Shin wa zai kai zomo teburin alƙali? A tsarin Amurka yawanci mai zomo ne ke kai abinsa idan an kira ajinsa, a Birtaniya kuwa akwai masu hidima da ke ɗauko shi daga keji. Na huɗu, wace shaidar lafiya ake nema? Wasu wuraren suna neman shaidar riga-kafi, idan kuma za ka tsallaka iyakar jiha ko ta ƙasa, ana iya neman takarda daga likitan dabbobi mai kwanan wata na kusa.

Sai batun aji. A tsarin ARBA an raba jinsuna gida biyu. Ƙananan jinsuna suna da aji huɗu: namiji da mace 'yan ƙasa da wata shida, da namiji da mace daga wata shida zuwa sama. Manyan jinsuna irin su New Zealand da Flemish Giant suna da aji shida, domin akwai na tsakiya, 'yan wata shida zuwa takwas. Lissafa watannin zomonka a ranar gasar, kada ka yi lissafi da ranar da kake cike takarda.

Mataki na biyu: ka zama alƙalin kanka tun a gida

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Sabon shiga yakan ɗauki zomon da ya fi so, wanda ke rugowa bakin keji idan ya ji motsinsa. Alƙali bai san wannan ba, kuma ba ruwansa. Akwai aibin da ke rage maki, akwai wanda ke sa a cire zomo daga gasar gaba ɗaya, kuma na biyun nan galibi abubuwa ne da za ka iya gani da idonka a gida.

Shimfiɗa guntun kafet a kan tebur, a wuri mai haske. Fara da sikeli. Kowane jinsi yana da iyakar nauyi: babban Netherland Dwarf ba ya wuce kilo 1.13, Holland Lop ba ya wuce kilo 1.8, macen New Zealand babba tana tsakanin kilo 4.5 da 5.4, macen Flemish Giant kuwa ba a so ta gaza kilo 6.3. Zomon da ke bakin iyaka, riƙa auna shi kowane mako kana rubutawa. Idan ya zarce da kaɗan, a rage masa abinci mai maiƙo sannu a hankali cikin makonni. Kada a yi masa horon yunwa ana gobe gasa; cikin zomo ba ya jure zama babu komai, kuma naman baya da alƙali ke shafawa shi ne zai fara zubewa.

Daga nan juya shi. Riƙe kafaɗa da gindin kunnuwa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallabi ƙugu, ka kwantar da shi a hankali. Kada ka taɓa ɗaga zomo da kunne, kada kuma ka bar ƙafafun baya suna lilo, domin harbi ɗaya mai ƙarfi yana iya karya masa ƙashin baya.

Ɗage leɓe. Haƙoran gaba na sama su ne ya kamata su ɗan rufe na ƙasa. Idan na ƙasa ne a gaba, ko sun karkace, ko ɗaya ya karye, wannan zomon ya zauna a gida. Haƙoran zomo ba sa daina tsawo muddin yana raye, shi ya sa wanda ka duba wata biyu da suka wuce ma sai ka sake dubawa.

Hanci ya zama a bushe. Farar majina alamar ciwon numfashi ce, wadda ƙwayar cutar Pasteurella ta fi haddasawa. Zomo yana share hanci da ƙafafun gaba, saboda haka ko hancin ya yi tsaf, duba gefen ciki na ƙafafun: in ka ga gashin wurin ya cukurkuɗe ya daskare, ya tona asirin kansa. Ido ya zama garau, ba hawaye, ba tabo, kuma launin idanun biyu ya zo ɗaya.

Haska cikin kunne da tocila. Ɓawo mai ruwan ƙasa da ke taruwa can ƙasan kunne aikin ƙananan ƙwari ne, kuma yana warkewa idan an fara magani da wuri, wanda shi ne dalilin yin wannan binciken da sauran mako shida. Hura gashin ƙeya da na tsakanin kafaɗu. Farin gari kamar amosani a wurin yana nuna ƙwarin fata.

Ƙirga farata. Zomo yana da 18: biyar-biyar a ƙafafun gaba, har da ɗan ƙaramin da ke ɓoye a gefen ciki, huɗu-huɗu a na baya. Idan ɗaya ya cire, ana fitar da zomo a tsarin ARBA. A jinsuna masu launi da yawa, farin farce guda ɗaya ma ya isa. Dubi tafin ƙafafun baya, inda gashi kan zube ya bar gyambo, musamman a zomaye masu nauyi da jinsin Rex mai gajeren gashi. Shafa ƙarƙashin haɓa da ciki ko za ka ji ƙullutu ko maruru. Ja wutsiya a hankali ka tabbatar a miƙe take. A ƙarshe duba al'aura: ba ƙuraje, ba ɓawo, kuma ka tabbatar namijin namiji ne. Abin dariya ne a faɗa, amma sau da yawa a kan teburin alƙali ake gano cewa wadda aka rubuta mace tun tana ƙarama ashe namiji ce.

Macen da ke da ciki ko take shayarwa, ka bar ta. Cikin zomo kwana 31 ne ko kusa da haka, kuma wahalar hanya ba ta dace da ita ba. Wanda ke tsakiyar zubar da gashi ba a hana shi shiga, sai dai da wuya ya yi abin kirki. Ni a ganina gara ka je da zomo biyu da ke kan ganiyarsu da ka je da shida don a ce ka cika mota.

Mataki na uku: lambar shaida da riga-kafi

Zomon gasa dole ya kasance da lambar da ba ta gogewa. A tsarin Amurka jarfa ake yi a cikin kunnen hagu. Na dama an keɓe shi don lambar rajistar ƙungiya. A Birtaniya zobe ake sa wa a ƙafar baya tun zomo yana ƙarami, kafin gaɓar ta yi girman da zoben ba zai wuce ba, kuma sai zoben yana da rajista da sunan mai baje shi. Idan ka sayi zomo mai zobe, a mayar da rajistar sunanka tun da wuri.

Jarfa tana buƙatar lokacin warkewa, don haka a yi ta da sauran makonni. Wadda aka yi da daɗewa kuma takan dusashe. Haska tocila ta bayan kunnen ka karanta. Idan kai mai shi sai ka yi ta ƙifta ido kafin ka bambance 3 da 8, a sake bi ta kai da tawada. Abin da ke kunne shi za ka kwafa a takardar shiga, harafi da harafi.

Game da riga-kafi, babbar barazana ita ce cutar zubar jini ta zomaye. An fara ganinta a Sin a 1984, sabon nau'inta mai suna RHDV2 ya ɓulla a Faransa a 2010, ya kuma bazu a kudu maso yammacin Amurka a 2020. Tana kisa cikin gaggawa, wani lokaci ba tare da wata alama ba, kuma ƙwayarta tana iya yin watanni a jikin keji, takalmi ko tufafi. Inda ake samun allurarta, da ta wata cutar zomaye mai suna miksomatosis, yi magana da likitan dabbobi tun yanzu, domin allura ba ta fara kariya ranar da aka yi ta.

Mataki na huɗu: abinci, gashi da sabo da hannu

Kada ka sauya abinci. Wannan ita ce doka mafi sauƙi, kuma ita aka fi karyawa, domin kullum akwai mai ba da shawarar wani sirrin haɗi da zai sa gashi ya yi sheƙi cikin mako guda. Sauyin abinci kwatsam yana jawo zawo ko ya tayar da zubar gashi. Abincin da ya saba, ingirici mai kyau a koyaushe, da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, su ne ke gina nama da gashi. Zomon da bai sha ba, ba zai ci ba.

Ka raba kejinsa da hasken rana kai tsaye, domin rana tana mai da baƙin gashi ja-ja. Ka tsare tsabtar keji, musamman ga fararen zomaye, tunda hana tabon fitsari ya fi cire shi sauƙi. Idan namiji na maƙwabtaka da shi, sa allo a tsakani, don maza suna fesa fitsari.

Ba a yi wa zomo wanka. Yana firgita shi, gashinsa yana daɗewa bai bushe ba, kuma yana kashe laushin da alƙali ke nema. Ga masu gajeren gashi, jiƙa tafin hannunka kaɗan, ka shafa daga kai zuwa wutsiya, ka murje gashin da ya manne a hannun, ka sake. Minti biyu kullum ya wadatar. Masu dogon gashi irin su Angora aikinsu daban ne: da na'urar hura iska ake buɗe gashin, domin yawan taje shi yana tsinke shi. Tabon fitsari kuma, a goga ruwan khal da aka sirka da ruwa, a barbaɗa garin sitaci, in ya bushe a kakkaɓe shi tas. Rini, tsige gashin da launinsa ya saɓa, ko datse gashi don ɓoye aibi, duk maguɗi ne, kuma hukuncinsa yana iya wuce zomon ya hau kan mai shi.

Yanke farata da sauran kamar mako guda. Tsinin kawai za ka cire, ka tsaya kafin jan jijiyar da ke ciki. A baƙin farce ba a ganinta sai an haska ta baya.

Sai sabo. Kullum ka ɗora shi a kan kafet ka zaunar da shi yadda ake zaunar da jinsinsa. A yawancin jinsuna, ƙafafun gaba suna daidai ƙarƙashin ido, yatsun ƙafafun baya kuma daidai gaban cinya. Wasu, irin su Tan da English Spot, ba a zaunar da su, sakinsu ake yi su yi tafiya a kan tebur. Zomon da bai saba a juya shi ba zai yi ta harbi, alƙali kuma ba zai ga siffarsa da kyau ba. A makon ƙarshe ka riƙa sa shi cikin kejin tafiya na ɗan lokaci, da ingirici a ciki, don kada ranar tafiya ta zama ranar farko da ya gan shi.

Mataki na biyar: kejin tafiya

Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, sa shi a nan. Kejin da masu gasa suka fi amfani da shi na waya ne, mai daɓen waya a ɗage, da faranti a ƙasa mai tare fitsari da kashi. Zomo yana zaune a sama, ƙazanta tana sauka ƙasa. Akwatin roba irin na kyanwa yana yi idan babu wani, amma zomo zai zauna cikin fitsarinsa, kuma iska ba ta ratsa shi sosai. In shi za ka yi amfani da shi, cika shi da abin tsotse ruwa, ka ɗora ingirici mai kauri. Kwali kuwa kada ma ka fara. Zai jiƙe, zomo zai cinye gefensa. Yawancin gasanni suna shar'anta cewa ƙasan keji ya zama ba ya yoyo.

Girman ɗakin ya zama zomo zai iya juyawa ya kwanta, amma kada ya yi faɗin da birki zai riƙa wurgi da shi. Zomo ɗaya, ɗaki ɗaya, ko da 'yan uwa ne da suka tashi tare. Idan kejin mai ɗakuna biyu ko uku ne, allon tsakani ya zama rufaffe, don kada wani ya ciji kunnen wani ko ya tsige masa gashi ta cikin waya.

A cikin faranti zuba dusar katako mai tsotse ruwa. Ka guji ta itacen sida, ƙamshinta yana damun numfashin zomo. Jarida tana da arha, amma kada ta taɓa ƙafar farin zomo, tawadar tana fita.

Bi kejin da yatsa lungu-lungu. Tsinin waya guda ɗaya ya isa ya tsaga kunne, ramin da ya buɗe kuma yana kama farce. Gwada kowane makulli. Zomaye sun iya tura murfi da ka, kuma neman zomo a ƙarƙashin tebura cikin zaure mai ɗaruruwan keji ba abin da za ka so ba ne. Ƙara maƙali a kowace ƙofa. Rubuta sunanka da lambar waya a jikin kejin, sannan a saman kowane ɗaki manna salatif mai ɗauke da lambar kunne, jinsi, launi da aji. Idan aka kira aji kana gaggawa, ba sai ka buɗe kunnuwa huɗu kafin ka sami wanda ake nema ba.

Kofin abinci da na ruwa su zama masu maƙalewa a waya. Wanda aka ajiye kawai, kifar da shi zai yi.

Mataki na shida: sauran kaya

Raba su gida uku, kowanne da mazubinsa, don kada ka riƙa zazzage jaka ɗaya a tsakiyar jama'a.

Na farko na cikin zomo ne. Auna abincin kwanakin da za ka yi, ka ƙara na kwana ɗaya ko biyu, a mazubi mai murfi. Ingirici ya fi abin da kake zato za a buƙata, domin zomon da hanya ta gigita yakan ƙi abinci amma ya taɓa ingirici, kuma shi ke sa hanji ya ci gaba da aiki. Ɗebi ruwan gida a jarka. Ɗanɗanon ruwa yana bambanta daga wuri zuwa wuri, wasu zomayen kuma da sun ji baƙon ruwa sai su kau da kai. Zomo yana shan kimanin mililita 50 zuwa 150 a kowane kilo na nauyinsa a yini, ya fi haka in ana zafi, sai ka lissafa ka ƙara na wanke kofi. Wanda ya saba sha a kwalba mai bakin ƙarfe, tafi masa da kwalbarsa.

Na biyu akwatin gyara ne: guntun kafet ɗin nan da ya saba da shi, ƙaramin tebur mai naɗewa in akwai wuri, buroshi mai laushi, matajin da ya dace da gashinsa, kwalbar fesa ruwa, ruwan khal, garin sitaci, tsummoki masu tsabta, abin yanke farce, da hodar tsayar da jini. In babu hodar, sitacin ma yana yi idan an danna shi a bakin farcen. Ƙara tocila, almakashi, filaya, 'yar waya ko igiyoyin roba masu zargewa don gyaran keji, da auduga don goge cikin kunne a ga lamba. Ƙaramin sikeli yana da amfani idan kana da zomon da ke bakin iyaka. Kada ka manta ledar shara, 'yar tsintsiya, da maganin wanke hannu.

Na uku takardu ne da kayanka. Kwafin takardar shiga, shaidar biya, katin ƙungiya, shaidar riga-kafi, da takardar asalin kowane zomo idan kana da niyyar sayarwa ko yin rajista. ARBA tana neman asali na zuriya uku kafin ta yi wa zomo rajista. Sa su a jakar roba mai zif. Riƙe biro biyu, alƙalamin maka mai kaurin rubutu, da ɗan littafi. Littafin ƙa'idojin jinsi ma ya shiga jaka. Kai kuma ka sa riga mai dogon hannu ko ka ɗaura gyauton aiki, domin faratan baya suna tsaga fata, gashi kuma yana manne wa tufafi. Takalmi rufaffe, kujera mai naɗewa, abin ci da sha, cajar waya, filasta don ƙarzuna. Idan kejinka sun wuce biyu, nemi ɗan keken jan kaya. Tsakanin wurin ajiye mota da zaure yakan yi nisa.

Idan gasar ta kwana ce kuma su za su ba da keji, ƙara maganin feshi don goge kejin kafin ka sa zomo, da kwali ko allon roba da za ka tare tsakaninsa da maƙwabci, da ƙaramin kwaɗo in doka ta yarda.

Mataki na bakwai: daren tafiya da lodi

Ana gobe tafiya sake bin kowane zomo kamar yadda ka yi a mataki na biyu. Wanda ya fara atishawa, ko ya bar abincinsa, ko kashinsa ya yi ruwa, ya fita daga lissafi ko da ka riga ka biya. Kai mara lafiya zaure zalunci ne ga zomon da kuma duk wanda ya ajiye kejinsa kusa da naka.

Loda komai da dare, ban da zomaye. Su ne na ƙarshe shiga, na farko fita. A ba su abinci kamar kullum. Zomo ba ya amai, don haka babu dalilin hana shi ci saboda mota. Lokacin tafiya a bar ingirici a keji, a zubar da ruwan kofi don kada ya fantsama ya jiƙa su, a ba su ruwa duk inda aka tsaya. Keji ya zauna daram a wuri mai lebur, a ɗaure shi, kada a jibga kaya a kansa har iska ta toshe. Kada a sa zomo a rufaffen but ɗin mota.

Zafi ya fi komai kashe zomo a hanya. Jikinsa ba ya fitar da zafi ta gumi kamar namu, ta kunnuwa yake rage shi. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 10 da 21, kuma da zarar an haura 27 zuwa 30 an shiga haɗari. Tun kwana biyu kafin tafiya cika gorunan roba da ruwa ka sa a firiza, ka ɗauko su a cikin kula mai riƙe sanyi. A ajiye ɗaya a gefen kowane zomo ya jingina. Idan farin zomo ne ko mai dogon gashi, naɗe goran da tsohuwar safa don raɓar da ke tsattsafowa kada ta jiƙa shi. Tashi da sassafe, rufe tagar da rana ke shigowa, kuma kada iskar na'urar sanyaya mota ta riƙa dukansu kai tsaye. Mota a tsaye cikin rana tana zama tanda cikin 'yan mintoci, saboda haka ba a barin zomo a ciki ko don shiga sayen ruwa.

Alamar zafi ya kama shi ita ce numfashi sama-sama, jiƙewar hanci da baki, kunnuwa sun yi ja sun ɗau zafi, ya miƙe ya ɗaga kai baya. Kai shi inuwa nan take, shafa wa kunnuwan ruwa mai ɗan sanyi, a yi masa fifita, a nemi likita. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara.

Mataki na takwas: a zauren gasa

Isa da wuri. Zaɓi wurin da ba bakin ƙofa ba, ba kusa da lasifika ba, ba inda rana za ta iso da hantsi ba. Ba su ruwa kafin ka yi komai. Je teburin sakatare ka duba cewa lambar kunne, aji da launi sun yi daidai. Gyara yana yiwuwa kafin a fara, bayan an fara kuwa sai wani ikon Allah. Gano teburin da za a duba jinsinka da jinsin da ke gabansa, ka kasa kunne, domin aji ba ya jiran kowa.

Gyaran ƙarshe kaɗan ne: duba ƙarƙashin wutsiya da tafin ƙafa, goge kunne, shafa baya da danshin hannu. Kada ka yi ta fito da shi kana mayarwa har ya gaji. A gaban tebur kada ka nuna wa alƙali wanne ne naka, kada ka yi masa musu. Saurari abin da yake faɗa a kan naka da na wasu, ka rubuta, ka karɓi katin sharhi. A tsarin ARBA, nasara tana shiga lissafin zama gwarzo ne idan aƙalla zomaye biyar ne suka fafata har da naka, na mutum uku ko fiye, kuma sai an tara irin wannan nasara uku a hannun alƙalai biyu ko fiye. Saboda haka ka adana duk takardar da aka ba ka.

Kada ka bari kowa ya zura yatsa a kejinka, kai ma kada ka taɓa zomon wani sai da izini, in ka taɓa ka wanke hannu. Kofi, buroshi da kafet ba a ba da aronsu.

Mataki na tara: dawowa gida

Tanadi wurin killacewa tun kafin ka tafi, domin ranar dawowa a gajiye za ka iso. Duk zomon da ya je gasa, da wanda ka sayo a can, a ware shi nesa da sauran na tsawon kwana 30. Kayan cinsa daban, kuma shi za a riƙa ba abinci a ƙarshe, bayan an gama da na gida. Kafin ka shiga wurin sauran zomaye, cire tufafi da takalmin da ka sa a zaure, ka yi wanka.

Zubar da dusar faranti da ragowar ingirici a leda, ka ɗaure. Kankare keji da sabulu tukuna, don maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan ƙazanta. Sannan ka jiƙa shi da bilic, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa, ka bar shi minti goma, ka ɗauraye sosai saboda bilic yana cin waya, ka shanya a rana. Kofuna, buroshi da ƙafafun keken jan kaya duk su bi wannan layin.

A kwana biyun farko ka sa ido a kan cin abincinsu da kashinsu. Ƙananan kashi busassu suna nuna hanji ya yi sanyi. A ƙara ingirici da ruwa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba kuma bai yi kashi ba, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar. Kafin ka ajiye akwatin gyara, cike abin da ya ƙare, ka rubuta a cikin murfinsa abin da ka nema a zaure ka rasa da abin da ka ɗauka bai yi amfani ba.